Haƙƙin Kifi Mai Farauta a Kan Mai Kiwonsa

Yau zancenmu a kan kifin da a ke ajiyewa da rai cikin akwatin gilashi ne, a tsakar ɗaki, don sha'awa. Cikinsu ma za mu keɓe masu farauta, watau waɗanda abincinsu nama ne, su ke haɗiye 'yan'uwansu ƙanana. Wanda ya ke zaune a Landan, ko Niyok, ko Jidda, ko wani babban birni na Afirka, ya san kantunan da a ke sayar da su, mai yiwuwa kuma yaransa sun taɓa riƙe masa riga a bakin irin wannan kanti. Ra'ayin da zan kawo muku shi ne, wanda ya sayi irin wannan kifi ya ɗauki amana mai nauyi, kuma al'adar nan ta jefa masa ƙananan kifaye da rai, don a taru a yi kallon yadda zai cafke su, al'ada ce da ta kamata a bari. Zan faɗi dalilaina, sa'an nan in yi bayanin yadda a ke jinyar kifin da ya ji rauni, gama abubuwan nan biyu a ɗaure su ke da juna.

Sana'ar nan ta daɗe. A shekarar 1850 wani masanin haɗa magunguna na Ingila, Robert Warington, ya nuna cewa in an haɗa kifi da tsire-tsiren ruwa da dodon koɗi a tulu guda na gilashi, za su iya rayuwa tare. A 1853 aka buɗe ɗakin kifi na farko don jama'a a gidan namun daji na Landan, a 1854 kuma Philip Henry Gosse ya buga littafin da ya yaɗa sunan akwariyam a duniya. Yau ga kifaye daga ko'ina. Daga kogin Amazon na Amurka ta Kudu a kan kawo Oska, da firana mai kaifin haƙori, da arowana mai tsalle, da wata irin tarwaɗa mai jan wutsiya. Daga kogunanmu na Afirka ta Yamma kuma 'yan kasuwa suna fitar da gwando, da gaiwa, da minjirya, da tufi, da yauni. Kifin da masunci zai ba yaro kyauta a bakin Kwara ko Binuwai ko Tafkin Chadi, shi ne Bature ke biya da tsada a Turai. Don haka maganar ta shafe mu ta fuska biyu, muna cikin masu saye, kuma daga ruwanmu a ke kamo waɗansu.

Bari mu fara da abinci. Kifin da aka fi sayarwa don a ciyar da masu farauta shi ne ɗan jan kifin nan da a ke kira kifin zinariya, saboda araharsa. To, a cikin naman wannan kifi da danginsa akwai wani sinadari mai suna tayaminez, aikinsa kuwa farfasa bitamin B1, wanda a ke kira tayamin. Bitamin ɗin nan shi ne wanda rashinsa ke jawo wa mutum ciwon beriberi. Wani likita ɗan Holan, Christiaan Eijkman, shi ya fara bin sawunsa a tsibirin Jaba, sa'ad da ya ga kajin da a ke ba farar shinkafa surfaffiya suna shanyewa, aikin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1929. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ba su aiki sai da shi.

Yadda aka gano ɓarnar tayaminez abin ji ne. A 1932, a wata gona a jihar Minesota ta Amurka inda a ke kiwon yanyawa irin ta ƙasashen sanyi saboda gashinta, sai dabbobin suka riƙa ƙin abinci, ƙafafunsu na shanyewa, suna mutuwa. Sai wajen 1941 masana suka tabbatar cewa ɗanyen kifin da a ke haɗa musu cikin abinci shi ke cinye bitamin ɗin tun bai shiga jini ba. An sake ganin irin wannan a manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, inda 'ya'yan kifin salmon da danginsa suka riƙa mutuwa jim kaɗan bayan ƙyanƙyashewa. Bincike ya nuna iyayensu sun dogara ga cin wani ƙaramin kifi mai yawan tayaminez, ƙwansu ya fito ba isasshen bitamin. Da aka riƙa tsoma 'ya'yan cikin ruwa mai tayamin, sai suka rayu. In abin ya yi haka a tafki mai faɗi, inda kifi ke da zaɓi, yaya ke nan a akwatin da ba shi da abin ci sai wanda aka jefa masa? Alamun kuwa sukan zo a hankali: kifi ya daina ci, ya riƙa iyo a karkace, ya riƙa fizge-fizge, mai shi ya ce wata baƙuwar cuta ce. Ku sani kuma sanya kifi a firji har ya daskare ba ya kashe wannan sinadari, zafin dahuwa ne ke kashe shi.

Dalili na biyu shi ne cuta. Kifayen da a ke sayarwa don abinci, a cunkushe a ke tara su, ba a kula da lafiyarsu, gama an san kwanansu kaɗan ne. Duk wanda aka jefa cikin akwati yana iya shigowa da ƙwayar cutar nan mai fesa fararen ɗigo a jikin kifi kamar an barbaɗa gishiri, ko tsutsar ciki, ko ƙwayar da ke cinye fiffike. Akwai ma wata ƙwaya, 'yar'uwar mai kawo tarin fuka, wadda aka fara ganowa a 1926 a jikin kifayen gidan kifi na birnin Filadelfiya. Ita wannan tana kama mutum, in ya tsoma hannu mai rauni cikin ruwan, ta fito masa da ƙuraje masu wuyar warkewa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Mutum ya sayi kifin kuɗi kaɗan ya kashe wanda ya yi shekara biyar yana reno.

Dalili na uku shi ne wahalar ɗan kifin da aka jefa. Da can a kan ce kifi ba ya jin zafi. A 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a Cibiyar Roslin, kusa da Edinbara, suka sami jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ciwo a fuskar wani kifin ruwan daɗi, suka kuma ga cewa in an sa masa abu mai raɗaɗi a leɓe yakan daina ci, ya riƙa goga bakinsa a tsakuwa. Gaskiya ne akwai masanan da har yanzu ke musu, suna cewa ƙwaƙwalwar kifi ba ta kai ta ji zafi irin namu ba. Amma ni a ganina, in ana shakka a kan ko halitta tana shan azaba, sauƙaƙa mata ya fi kusa da hankali. Dokar kula da dabbobi ta Ingila ta 2006 ma ta haɗa da kifin da a ke kiwo a gida.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, ai a kogi haka su ke yi, babba ya ci ƙarami, wa ya isa ya sāke halitta? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma a duba. A kogi ƙaramin kifi yana da ciyawa da rami da duhun ruwa, sau da yawa yakan tsira, mafaraucin kuma yakan sha gudu kafin ya samu. A akwatin gilashi ba mafaka, sai bango huɗu. Ban da haka, abincinsu a kogi iri-iri ne. Oska yana cin ƙwari da jatan lande da dodon koɗi har da 'ya'yan itatuwa da suka faɗa ruwa. Arowana yakan yi tsalle ya ɗauke ƙwaro daga reshe. Gwando yakan bi ƙasa da dare yana shinshinar tsutsa. Firana ma, wanda Theodore Roosevelt ya ɓata wa suna cikin littafin tafiyarsa ta Barazil a 1914, yana cin mushe da ƙwari, kuma binciken da aka buga a 2005 ya nuna cewa tafiyar da su ke yi a garke ta tsoron maƙiya ce. Wanda ya ba kifinsa kifin zinariya kullum, ya yi nisa da kogi fiye da wanda ya ba shi abinci gauraye.

To, me za a ba su? A yau akwai abincin kanti mai kamar ƙwayar wake, wanda aka haɗa musamman don kifaye masu cin nama, da bitamin a ciki. Wannan ya zama tushe. A ƙara da yankan naman farin kifi kamar karfasa, da tana wadda aka tono daga ƙasar da ba a yi wa feshi ba, da gyare, da fara, da jatan lande jefi-jefi. A guji naman sa da na rago da na kaza mai kitse, gama jikin kifi sanyinsa ɗaya da na ruwa, kitsen dabbar tudu kuwa ba ya narkewa da kyau a cikinsa, sai ya taru a hanta. Akwai kifayen da aka kamo daga kogi waɗanda da fari ba su kula abin da ba ya motsi. Irin waɗannan a kan koya musu da haƙuri: a bar su da yunwa kwana biyu ko uku, a kama yankan nama da ɗan dogon matsefi a riƙa kaɗa shi a gabansu, ko a sake shi inda ruwa ke gudu. Mafi yawansu sukan saba. Kada kuma a cika ba su. Kifi ba ya ƙona abinci don ya ɗumama jikinsa kamar mu, saboda haka babban mafarauci ya ƙoshi da ci sau biyu ko uku a mako, ƙanana masu girma su ne ke bukatar kullum. Oska ya iya roƙo, da ya ga mutum sai ya taso bakin gilashi, amma kwaɗayi mabuɗin wahala ne, gare shi da mai shi.

Wannan ya kawo mu ga ruwa. Duk naman da kifi ya ci, jikinsa yana fitar da ragowarsa a matsayin amoniya, yawanci ta wurin da ya ke shaƙar iska a gefen kansa. Amoniya guba ce, dafinta kuma yana ƙaruwa in ruwa ya yi zafi ko ya yi kanwa-kanwa. Abin da ke ceton kifi shi ne waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama cikin soson matatar ruwa. Kashi ɗaya suna mai da amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce mai hana jini ɗaukar iska, kashi na biyu kuma su mai da naitirait ta zama naitiret, mai sauƙin dafi. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya bayyana aikin irin waɗannan ƙwayoyi wajen 1890. Sabon akwati yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da zai isa. Wanda ya sayi akwati da safe, ya zuba babban kifi da yamma, ya sa shi cikin guba da hannunsa. Haka wanda ya wanke soson matata da ruwan famfo, gama sinadarin kulorin da hukuma ke sawa don kashe ƙwayoyin cuta yana kashe masu amfanin ma. A wanke soso cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin. A canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ko fiye, kowane mako, a kuma sa maganin kashe kulorin a sabon ruwa.

Kowace ƙasa da irin matsalarta. Yawancin kifayen nan suna son ɗumi tsakanin digiri 24 da 28. Mai sauraro a Ingila ko arewacin Amurka sai ya sa na'urar ɗumama ruwa, ya kuma yi mata rufi, don gwando da tarwaɗa sukan kwanta a jikinta su ƙone. Mai sauraro a Hartum ko Njamena ko Makka kuwa zafi ne abokin gabarsa, gama ruwan zafi ba ya riƙe iska da yawa, sai a nisanta akwati daga taga a ƙara masa na'urar hura iska. Inda a ke yawan ɗauke wuta, a tuna cewa ƙwayoyin matata suna bukatar ruwa mai gudu, in ya tsaya sa'o'i da yawa sukan fara mutuwa. Ranar da ba wuta kada a ba kifi abinci, yunwar kwana ɗaya ba ta kashe shi.

Sai maganar wuri. Oskan da a ke sayarwa bai wuce tsawon yatsa ba, amma yakan kai santimita 30, ya kuma yi shekara goma ko fiye. Shawarata kada a ba shi ƙasa da lita 300. Tarwaɗar Amazon mai jan wutsiya tana wuce mita guda, haka yauni namu. Yauni kifi ne mai ban mamaki, a jikinsa ne Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya gano a 1951 cewa akwai kifin da ke fitar da lantarki mai rauni ba fasawa, daga baya kuma ya nuna da shi ya ke gane abin da ke kewaye da shi cikin duhu. Amma ban mamakinsa ba ya rage masa tsawo, kuma mafaɗaci ne. Maganar da a ke yi cewa kifi yana girma daidai da akwatinsa, abin da ke ƙarƙashinta shi ne tsumburewa, ƙazamin ruwa da ƙunci su hana shi girma, su gajarta masa kwana. Yawancin raunukan da a ke gani daga ƙunci su ke fitowa: cizon abokin zama, karo da gilashi in ya firgita, yanka a jikin dutse mai kaifi, ko tsalle waje in ba murfi. Gwando da gaiwa suna da huhu, sukan taso su shaƙi iska, saboda haka a rufe akwati ram amma a bar sarari tsakanin ruwa da murfi.

Yanzu ga albishir. Kifi yana da baiwar warkewa wadda ta fi tamu nesa. Cikin 'yan sa'o'i bayan rauni, ƙwayoyin fatar da ke gefe sukan malalo su rufe bakinsa, yauƙin jikinsa kuma yana ɗauke da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta. Ɓawon jikin da ya faɗi yakan sake fitowa cikin makwanni. Fiffike ko wutsiya da aka gutsure sukan tsiro, muddin ba a ci tushensu ba, gashin bakin tarwaɗa ma sau da yawa yakan dawo. A 2002 Kenneth Poss da abokansa a Amurka suka yanke kashi ɗaya cikin biyar na babban ɗakin zuciyar wani ɗan kifi mai zane da a ke kira zebira, cikin wata biyu zuciyar ta cike. A 2012 masana a Meziko suka nuna cewa gwando yana iya mai da fiffikensa na gaba gaba ɗaya, har da ƙasusuwan ciki. Likitoci suna nazarin waɗannan kifaye da fatan wata rana su taimaki mai ciwon zuciya da wanda ya rasa gaɓa. Sai dai baiwar tana da iyaka, idon da ya fita ba ya dawowa.

Saboda haka aikin mai jinya shi ne ya share wa jiki hanya. Da fari a raba mai rauni da wanda ya cije shi, ko da shamaki ko da wani akwati dabam mai ruwa iri ɗaya da ɗumi iri ɗaya. A rage haske, a ba shi wurin ɓuya, gama firgita tana raunana garkuwar jiki. A ƙara yawan canjin ruwa, kaɗan-kaɗan, kullum ko bayan kwana biyu. A ba shi abinci mai kyau amma kaɗan, a kwashe abin da ya bari. Kada a riƙa kama shi da busasshen hannu ko da koma mai kaushi, don kada a goge masa yauƙi. Sa'an nan a sa ido. In gefen fiffike ya fito da wani siriri fari-fari mai sheƙi, sabon nama ne, alheri ke nan. In kuwa aka ga abu kamar auduga a kan raunin, ko ja yana yaɗuwa, ko jiki ya kumbura, cuta ta shiga, sai a nemi likitan dabbobi ko wanda ya san kifi. A yi hattara da magani, gama kifaye marasa ɓawo, irin su tarwaɗa da minjirya, ba su jure magungunan da ke da jan ƙarfe a ciki, gishiri ma a yi musu shi da sauƙi. Zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta na mutane cikin akwati ba da sani ba yana kashe ƙwayoyin matata, ruwa ya lalace, mai rauni ya ƙara shiga uku, kuma yana taimaka wa cututtuka su koyi jure magani. Duk sabon kifi a killace shi mako huɗu kafin a haɗa shi da na gida. Rigakafi ya fi magani.

Saura abu guda. In kifi ya fi ƙarfin mai shi, kada ya kai shi kogi ko tafki ya sake. A 2002 aka sami wani ɗan'uwan tufi na Asiya yana hayayyafa a wani kududdufi a jihar Merilan, bayan wani ya sake shi a can. Hukuma ta zuba guba a kududdufin, gwamnatin Amurka kuma ta hana shigo da irinsa da rai a wannan shekara, amma a 2004 sai ga shi a kogin Potomak. Oska ma ya daɗe da zama ɗan gari a magudanan ruwa na Filorida. Mu 'yan Afirka muna da darasi mafi girma a Tafkin Biktoriya, inda aka zuba giwan ruwa a shekarun 1950 don kamun kifi, ya yi yawa a shekarun 1980, masana kuma suna ƙiyasta cewa kimanin iri 200 na ƙananan kifayen tafkin suka ɓace, ko da ya ke gurɓatar ruwa ma ta taimaka. Wanda ya gaji ya mai da kifin kanti, ko ya nemi mai babban akwati ya ba shi.

Jama'a, kifin da ke cikin gilashi ba shi da murya, ba shi da inda za shi, ruwan da ya ke sha da abincin da ya ke ci duk a hannun mai shi su ke. Kafin mutum ya sa hannu a aljihu, ya tambayi mai kanti tsawon da kifin zai kai da shekarun da zai yi, ya auna ɗakinsa da lokacinsa. In ya ga ba zai iya ba, ya ɗauki yaransa ya kai su gidan kifi na birni su yi kallo, ba abin kunya a ciki. In kuwa zai iya, ya ba shi wuri da ruwa mai tsabta da abinci gauraye, ya bar ƙananan kifaye su yi rayuwarsu.